Malama Mariya, Wadda Ta Zaunar da Ni a Kujerar Marigayi

Ina tankaɗe garin tuwo a tsakar gida labarin ya zo min. Da hantsi ne, farkon zafin shekarar 1974. Na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, motar ofishin su maigidana, na san kukanta. Na ce a raina yau Malam ya dawo daga rangadi da wuri, ga shi ban ɗora komai ba. Sai na ji sallama da muryar da ba tasa ba. Mutum biyu ne, suka tsaya a zaure, suka ce a kira musu wani namiji cikin maƙwabta. Da na ji haka na ajiye rariya. Ba a neman namijin maƙwabta a gidan da maigidansa ke da rai. Babbar mota ce ta hau kansu a hanyar Zariya. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Ba labarin mutuwar na zauna rubutawa ba, ko da yake har yau ba ta sake ni ba. Sunana Hansai, a Abakpa nake. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, Hausa kaɗai nake iya rubutawa, ita ma a hankali. Na ji an ce Malama Mariya za ta ajiye aiki ƙarshen wannan shekara ta koma garinsu Wusasa. Shekara biyar ina riƙe da maganarta a ciki. Na ce in ban faɗa yanzu ba, za ta tafi mutane suna ɗauka malamar Turanci ce kawai.

Duk wanda ya zauna Abakpa ya san ta ko bai san sunanta ba. Doguwa ce, ba ta da jiki, da tabarau, da baƙar lema da ba ta rabuwa da ita ko rana ko ruwa. Da sassafe, lokacin da masu koko ke sauke tukunya, za ka ga ta wuce bakin titi jiran bas, da kwando a hannu. Mata na kai kwando kasuwa, ita nata takardu ne a ciki, tsofaffin tambayoyin jarrabawar Turanci na shekarun baya, sun yi ja don tsufa, an ɗaure su da tsumman atamfa. A sakandaren 'yan mata take koyarwa. In an tashi kowa ya kama gabansa, ita sai ta tara 'yan aji biyar a gindin mangwaro ta raba musu takardun nan, su yi ta gwaji har inuwa ta juya. Ba don son wahala ba ne. In yarinya ta ci lissafi ta ci tarihi ta ci komai amma ta faɗi Turanci, ba ta da cikakkiyar takardar shaida. Kowace uwa ta san wannan, har mu da ba mu shiga aji ba.

Tana da wata hanya da aka san ta da ita. In ta ba yarinya labarin Turanci ta karanta, sai ta ce ta rufe takardar, ta tafi gida ta sami wanda bai jin Turanci, kaka ko mai sayar da gyaɗa, ta faɗa masa abin da ke ciki a taƙaice. In ya gane, sai ta zauna ta rubuta da Turanci. In bai gane ba, to ita ma ba ta gane ba, ta koma ta sake karantawa. Saboda haka tsofaffin unguwarmu sun san abubuwan da ba su nema ba. Akwai wata tsohuwa a bayanmu da har ta rasu tana tare mutane a hanya tana ba su labarin yadda ake yin gilashi da yashi. Matar wani tela ta gaya min 'yarta mai in-ina ce, Malama ta sa ta riƙa karanta wa awakin gidansu da ƙarfi kullum, don su ba sa dariya, har bakinta ya saki.

Mu a gidanmu ba a taɓa kawo min irin wannan labari ba, don akwai Malam.

'Yata ta fari tana cikin 'yan aji biyar na shekarar. Larai. Ga shi na rubuta. Tun ranar suna har ta kai shekara goma sha bakwai wannan suna bai taɓa fita daga bakina ba. 'Yar fari ce, kuma a gidan da na tashi ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ana yaye ta aka kai ta wurin kakarta a wani ƙauye bayan Maƙarfi, sai da ta isa shiga makaranta Malam ya ɗauko ta. In ina son ta miƙo min abu sai in ce "ke," ko in ce wa ƙanenta, "gaya wa waccan." Ban taɓa yi mata kitso ba. Ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Ita ma ba ta kirana da komai. Ba ƙi ba ne. Allah ya sani in tana zazzaɓi ko ruwa ba na iya haɗiyewa, amma sai in aika a kira maƙwabciya ta taɓa goshinta. Haka aka koya mana, kuma ana yabona a kai.

Shi Malam akawu ne, ya ce wannan kunya shi ba ta kama shi ba. Yana da wata kujerar katako mai hannu biyu. Kullum in ya dawo sallar la'asar sai ya fito da ita gindin dalbejiyar tsakar gida, Larai ta shimfiɗa tabarma a gabansa. Ta karanta, ya yi tambaya, ta amsa, ya gyara mata. Wani lokaci su yi ta dariya. Ni ina madafi ina jin su kamar yadda ake jin ruwa a kan kwano.

Da ya rasu na shiga takaba, ba fita sai bayan wata huɗu da kwana goma. Jarrabawar kuwa farkon damina ce, ke nan za a yi ta ina ɗaki. Kujerar tana nan a bakin ɗakinsa, ba mai taɓa ta. Bayan sadakar bakwai baƙi suka ragu, yara suka koma makaranta.

Wata rana da la'asar ina zaune a ɗaki sai na ji Turanci a tsakar gida. Na ɗaga labule. Larai ce ta jawo kujerar zuwa gindin dalbejiya, ta shimfiɗa tabarma, tana karanta wa kujerar. Sai ta yi shiru ta ɗaga kai, kamar mai sauraro. Ta gyaɗa kai. Ta maimaita abin da ta faɗa kamar an gyara mata. Sannan ta yi 'yar dariya ta ci gaba. Tsigar jikina ta tashi. Na saki labulen na koma na zauna.

Kashegari ma haka. Jibi ma haka. Ta daina cin abinci sai a tsakura. Idanunta suka faɗa. Na ji tana gaya wa ƙanenta kanta yana zafi kamar an zuba barkono, wani abu yana tafiya a ciki, kuma in ta kalli takarda a aji baƙaƙen suna yawo.

Maƙwabciyata Mairo ta shigo ta gani da idonta. Ta zauna kusa da ni ta rage murya.

"Hansai, kin san dai cikin iskoki akwai Turawa?"

"Bari mana, Mairo."

"Wallahi a Rigasa na ga wata, ko ƙofar makaranta ba ta sani ba, da iskan ya hau ta sai Turanci kamar rediyo. Har taba ta nema. Ke kina gani yarinya tana zuba yaren mutane safe da yamma, ai dole su zo su ga mai kiransu."

Wata kuma ta ce ba iska ba ne, ubanta ne bai sake ta ba, kuma in matacce ya saba da hira da mai rai, jan sa yake yi. Ni kuwa abin da ya fi tsaya min a rai wani mutum ne da nake gani a bakin kasuwa da yagaggen kwat, yana yi wa turken fitila Turanci. An ce shi ke zuwa na ɗaya a ajinsu. In na rufe ido sai in ga Larai a tsaye kusa da shi.

Na yi abin da na sani. Na sa an karɓo rubutu, na turara ɗaki, na yi ta addu'a. Amma rubutun ma a hannun ƙanenta nake aika mata. Daga bayan labule nake kallon 'yata tana lalacewa, tsakanina da ita bai fi tsawon tabarma uku ba, na kasa ƙetarewa.

Ranar sadakar arba'in yayan Malam ya zo, Alhaji Sambo, manomin rake ne a can ƙauyensu. Ya tsaya a bakin zaure ya ga abin da ake yi a gindin dalbejiya. Ba mugun mutum ba ne, har hawaye ya yi. Ya tsaya daga waje ya yi min magana ta bayan labule.

"Hansai, na rasa ƙane, ba zan zuba ido in rasa 'yarsa ba. Akwai mai magani a wajenmu. Ranar Juma'a mai zuwa zan zo da mota."

"Yaya, jarrabawar fa?"

"Jarrabawar me? Mai hankali ake yi wa jarrabawa."

Na san gidan mai maganin nan. Na taɓa wucewa ina yarinya. Mari ake sa musu a ƙafa, a ɗaure su a gindin itace. Wasu suna warkewa, wasu suna tsufa a can. Ban ce a'a ba. Ba ni da bakin cewa a'a, kuma rabin zuciyata yana cewa watakila shi ke da gaskiya.

Ana sauran kwana kaɗan Juma'ar ta zo, sai ga Malama Mariya. Ba wanda ya kira ta. Yarinyar da ta fi kowa rubutu a ajinta ta fara miƙa mata takarda fara fat, shi ne ta biyo takardar har gida. Ta iso da la'asar, ana tsakiyar abin. Ta cire takalmi, ta shigo ɗakina, ta yi min gaisuwa. Sannan ta ɗage labulen gaba ɗaya ta rataye, ta zauna tana kallo.

Na ce, "Malama, me take cewa?"

"Labarin da na ba su ne, yadda ake noman rake a wata ƙasa. Tana taƙaita shi. Kuma daidai take yi."

"To wa ke amsa mata?"

"Ba kowa. Ciwon ke nan."

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. Ta ce, "Ban ce lafiyarta ƙalau ba. Gobe zan kai ta asibiti likita ya duba ta, ya ba ta abin da zai sa ta barci. Amma likita ba zai zo ya zauna a kujerar can ba. Tashi ki je ki zauna."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Ina takaba."

"Takaba ta hana ki ƙofar gida. Ba ta hana ki tsakar gidanki ba."

"Ba na jin Turanci."

"Shi ya sa ma nake son ki."

"Malama, 'yar fari ce."

Ta mayar da tabarau ta dube ni. Ta ce, "Na sani. Ba addininmu ɗaya ba, amma ni ma Bahaushiya ce, kuma ni ma 'yar fari ce. Uwata ta rasu ban san yadda sunana yake a bakinta ba. Hansai, ranar da yarinyar nan za ta yi nisa, da me za ki kira ta ta dawo? Da 'ke'?"

Na tashi. Ba zan ɓoye ba, tsoron kujerar nake ji. Gani nake zan zauna a kan mutum. Na taɓa hannunta, katako ne, rana ta ɗumama shi. Na zauna. Larai ta ɗago kai muka haɗa ido, abin da ban tuna ya taɓa faruwa ba. Ta saki takardar ta ruga ɗaki ta turo ƙofa.

Na ce, "Kin gani? Na ƙara ɓata abin."

Malama ta ɗauki lemarta. "Gobe ki riga ta zama."

Kashegari na riga ta. Ta fito da tabarma ta same ni a kai, ta tsaya daga nesa. Malama ta ce mata da Hausa, "Larai, mamanki ba ta san yadda mutanen can suke noman rake ba. Rufe takardar ki faɗa mata. Kada ki ja." Larai ta daɗe a tsaye. Sannan ta zauna a gefen tabarmar, ta ba ni gefen fuska, ta fara faɗa wa ƙasa. Muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce suna cinna wa gonar wuta kafin su sare raken. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce, "Wuta? To ba ya ƙonewa?" Ta ce, "Ganyen ne kawai." Maganar farko ke nan da ta shiga tsakanina da 'yata wadda ba aike ba ce.

Juma'a ta zo. Bayan an sauko daga masallaci na ji a-kori-kurar su Alhaji Sambo ta tsaya a ƙofar gida. Malama ta riga su zuwa, tana tsaye a zaure da lemarta. Ina jin su daga tsakar gida.

"Malama, da girmanki. Wannan maganar gida ce."

"Haka ne, Alhaji, ni baƙuwa ce. Alfarma nake roƙo. Ka bar min ita zuwa jarrabawa. In ta ƙara lalacewa, ni da kaina zan riƙo hannunta mu shiga motar nan tare."

"Bokon naku ne ya taɓa mata kai, kuma ki ce in ƙara mata shi?"

"Ba boko ba ne kaɗai. Uba ta rasa."

"Ni ma ƙane na rasa, ban yi hira da kujera ba."

Ya wuce ta ya shigo. Bayansa maza biyu suka tsaya a bakin zaure, ɗaya da igiya a naɗe a hannu, yana ɓoye ta a bayan riga. Mata maƙwabta sun cika ƙofa. Alhaji ya kama hannun Larai a hankali, ya ce, "Taso, 'yata, mu je gida." Sai ta hango igiyar. Ta juya wajen kujerar, ba kowa a kai, ta fara zuba Turanci da ƙarfi, da sauri, ba numfashi, idanunta a kafe. Na ji Mairo tana salati. Mai igiyar ya tako ciki.

Ina tsaye a bakin ɗakina kamar an dasa ni. Malama ta shigo, ba ta je wurin Larai ba. Ni ta duba. Ta ce, "Hansai." Shi ke nan abin da ta ce.

Na buɗe baki, ya ƙi. Na sake buɗewa.

"Larai!"

A gaban yayan mijina, a gaban unguwa. Gidan ya yi tsit. Turancin ya tsaya kamar an kashe rediyo. Ta juyo a hankali tana neman inda muryar ta fito.

"Na'am," in ji ta. Can kuma ta ce, "Na'am, Inna."

Na taka na je na zauna a kujerar. Na ce, "Zo ki ƙarasa min. Jiya ba ki gaya min yadda suke dasa shi ba."

Alhaji ya saki hannunta. Ta zo ta durƙusa a gabana tana haki. Ta fara faɗa, da Hausa, daki-daki. Ta ce inji ne ke tona rami, yana jefa gutsattsarin raken a kwance yana rufewa, mutum ɗaya ya dasa abin da gayya ba za ta dasa ba.

Sai muka ji Alhaji daga bayanta, "Ƙarya ne wannan. Inji ya san idon rake?"

"Haka aka rubuta, Baffa."

"Wanda ya rubuta ya taɓa riƙe fartanya?"

"Ban sani ba, Baffa. Amma sun ce a kwance ake sa shi, ko ta ina idon ya kalla zai fito."

"A kwance kam gaskiya ne, mu ma haka muke yi. Amma wutar nan da na ji an ce suna sawa, wannan ɓarna ce."

Suka yi ta musu, shi yana tsugune ita tana durƙushe. Ya dube ta, ya dubi mai igiya, ya ce masa ya fita waje. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Hansai, yau kin zubar da kunya."

"Na zubar, Yaya."

Ya juya wajen Malama. "Amanarki ce. Zan dawo in gani." Motar ta koma ba kowa a baya.

Kada wani ya ɗauka a ranar ta warke. Ba ta warke ba. Tsoron ya zauna da mu har damina. Akwai ranakun da za ta farka lafiya, da rana kan ya ɗauki zafi. Akwai ranar da na fito na same ta ta riga ni, tana yi wa kujerar magana, na koma ɗaki na yi kuka sannan na fito na zauna. Malama kuwa in ta sallami 'yan gindin mangwaro sai ta biyo ta gidanmu da kwandonta, kusan kullum, a gajiye. Ta ciro takarda ɗaya cikin tsofaffin nan ta ba Larai, ta ce yau kamar ranar jarrabawa, ba magana, ba leƙe. Ni ce mai tsaro, a kujera. In ta ga yarinyar ta fara rikicewa sai ta zare alƙalamin ta ce, "Ya isa. Je ki taya mamanki tsince shinkafa." Ba ta taɓa ce mata ki daure ba. Ta hana ta goro da shayin da yara ke sha don kada su yi barci. In aikin ranar na ƙirƙirar labari ne, sai ta ce in ba Larai labarin ƙauyenmu, ita ta mayar da shi Turanci. Har labarin ranar da aka haife ta na ba ta. In an kira magariba Malama ta zauna shiru har mu idar, sannan ta yi sallama ta tafi.

Ranar takardar Turanci gari ya waye da hadari. Malama ta zo da sassafe ta ɗauki Larai, na bi su da ido har bakin zaure, su biyu a ƙarƙashin baƙar lema. Nan iyakata. Na fito da kujerar tun da safe na sa a rumfa na zauna. Duk motar da ta rage gudu a titi sai in kasa kunne. Na san yadda mota ke tsayawa a ƙofar gida, na san muryar da ke cewa a kira namiji. Ruwa ya sauko, ya ɗauke, ban motsa ba.

Da ƙafarta ta dawo. Gefen rigarta a jiƙe, yatsunta duk tawada. Ta tsaya a tsakar gida. Na ce, "Larai, me suka tambaya?" Ta jawo tabarma ta zauna, ta ce, "Labarin masu kamun kifi ne, Inna. Bari in taƙaita miki."

Sakamako ya fito bayan na fita takaba da daɗewa. Ta ci Turancin. Ba da yawa ba, da ƙyar ne, amma ta ci. Yanzu tana aikin jinya a Zariya. Har yau in ta gaji kan yana yi mata zafi, kuma har yau ina tsoro. Alhaji Sambo kuwa duk shekara sai ya aiko wa Malama da damin rake.

Malama Mariya, ke ce kika bi farar takarda har gida, alhali kina iya sa mata jan alƙalami ki wuce. Ke ce kika tsaya a zauren da ba naki ba, gaban maza, da lema kawai a hannu. Kin ji Turancin da 'yata ke yi, kina iya zama a kujerar nan da kanki, ki amsa mata, ta saba da ke. Ba ki zauna ba. Kin san ke za ki tafi wata rana, ni ce zan rage. Mai baƙar lema, uwar 'ya'yan wasu, ba ni da abin da zan ba ki. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar hutawa, ya sa waɗanda kika riƙe su riƙe ki.

Ku malamai masu tasowa, in yaro ya miƙo takarda ba rubutu, ku tambayi inda gidansu yake. Ku kuma 'yan'uwana mata, ban ce ku yar da abin da iyayenmu suka koya mana ba, ni ma ban yar da shi duka ba. Amma in yaranku sun zo da takarda suna neman wanda za su faɗa wa, ku ajiye muciya ku zauna. Ba sai kun iya karatu ba.

Kujerar tana nan, ƙafa ɗaya ta karye an yi mata ƙusa. Kullum bayan la'asar ina fito da ita gindin dalbejiya in zauna. Wata rana 'yan matan unguwa su zo da labarinsu su taƙaita min, wata rana ba mai zuwa. Ko an zo ko ba a zo ba, kafin in tashi ina kiran sunan sau ɗaya, a fili, don kada bakina ya koma yadda yake.